Hoto Na Yankewa a Shirin Kai Tsaye: Daga Ina Matsalar Take Farawa?

 Barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa kan na'urorin zamani. Gaisuwa ga mutanen Ibohamane da ƙauyukan da ke kewaye, da na Keita, da Buza, da Madawa, da duk inda muryar nan take kaiwa a ƙasar Adar.

Yau maganar ta matasanmu ce masu watsa taro kai tsaye a Facebook da YouTube. Kowa ya san ƙasarmu ƙasar ƴan bida ce. Da wuya ka shiga gida a nan ba ka tarar da wani nasu yana Abijan, ko Legas, ko Kamaru, ko Libiya, ko Aljeriya ba. Mutumin da ke can yana son ya ji tafsirin malamin garinsu da azumi, ya ga Maulidi, ya ga saukar karatun ɗansa, ya ga ɗaurin auren ƙanwarsa, ya ga kokowar bayan girbi. Matasan da suka ɗauki wannan aiki sun yi wa gari hidima babba, Allah Ya saka musu. Da salula ɗaya aka fara. Yanzu wasu sun kai ga haɗa kwamfuta 2: ta farko tana karɓar hoton kamara, ana ɗora mata rubutu da sunan mai magana, ta biyu kuma tana karɓa daga ta farko ta tura wa duniya.

To, sai ga kuka ya biyo baya. Hoto yana yankewa. Malam ya ɗaga hannu sai ya daskare, kafin a ankara ya riga ya juya shafi. Murya ta yi gaba, baki yana binta a baya. Ƴan uwa na waje suna ta rubuto saƙo: ku gyara, ba ma gani. Kuma kalmar farko da ke fitowa bakin kowa ita ce: rezo ne. Sai a ruga a ƙaro mega, a sauya layi, a ɗaga akwatin wifi sama a sauke shi ƙasa, kuɗi su tafi, hoto yana nan yana ɗingishinsa.

Abin da nake so ku riƙe daga shirin yau shi ne, mai aiki da kwamfuta 2 hanya biyu hotonsa yake bi. Akwai hanyar cikin ɗaki, daga kwamfuta ta farko zuwa ta biyu. Wannan ba ruwanta da intanet, ba ta cin mega ko ɗaya, ba ruwanta da kamfanin salula. Sannan akwai hanyar fita, daga kwamfuta ta biyu zuwa Facebook ko YouTube, ita ce mai bin rezo. Sau da yawa hoton tun a cikin ɗaki ya lalace, kafin ya kai ƙofa.

Manoman da ke noma a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Ibohamane sun fi kowa sanin wannan. Idan ruwa bai iso gonar mutum ba, ba ya tsayawa ya ce madatsa ta ƙafe. Kanal yake bi a ƙafa tun daga kai, yana dubawa, har ya iske inda yashi ya toshe ko inda gefe ya fashe. Haka za mu bi hoton nan, daga inda ya taso.

Bari in fara da kayan aikin, don wanda bai saba ba. Yawancin masu wannan aiki da manhajar OBS Studio suke yi. Kyauta ce, tun shekarar 2012 take, kuma tana da Faransanci. Don a ɗauki hoto daga wata kwamfuta zuwa wata ta kebul ɗin rezo, ana amfani da wata fasaha mai suna NDI, wadda kamfanin NewTek na Amurka ya bayyana a 2015. Ƙaramar manhajar da ke haɗa OBS da NDI a da sunanta obs-ndi, yanzu ana kiranta DistroAV. Shi kuwa bidiyo, hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri, 25 ko 30 a cikin sakan ɗaya, wani lokaci 50 ko 60. Idan suka iso a jere, kowane a kan lokacinsa, ido yana ganin motsi sumul. Idan wasu suka ɓace a hanya, ko suka makara suka iso a dunƙule, shi ne yankewar da kuke gani.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. Kada ka shiga kai tsaye. A kwamfuta ta farko, danna naɗi, ka ɗauki minti 5, wani yana tafiya gaban kamara yana kaɗa hannu. A lokaci guda ka danna naɗi a kwamfuta ta biyu. Sai ka zauna ka kalli duka biyun. Idan na farkon ma yana yankewa, matsalar tana ga kamara ko kwamfuta ta farko, kebul bai yi laifi ba. Idan na farko lafiya lau, na biyu yana tsalle, to ka kama ɓarawonka: ko hanyar da ke tsakaninsu, ko kwamfuta ta biyun kanta. Idan duka biyun sumul suke, amma da an shiga kai tsaye sai abu ya rikice, a nan ne kake da hujjar cewa rezo ne.

OBS ma da kanta tana faɗa maka, in ka san inda za ka duba. Akwai wata taga da ake kira Stats, a Faransanci Statistiques. Cikinta akwai layi 3 masu ƙirga hotunan da suka salwanta. Na farko yana ƙirga waɗanda katin hoto ya kasa shiryawa a kan lokaci. Na biyu yana ƙirga waɗanda kwamfuta ta tsallake saboda ta kasa matse su da sauri. Na uku, mai ɗauke da kalmar rezo, yana ƙirga waɗanda aka zubar a hanyar fita. Ka buɗe tagar nan a kowace kwamfuta, ka bar ta a buɗe duk tsawon shiri. Layin da lambarsa ke hawa, shi ne ke nuna maka ɓangaren da ke ciwo. Amma ku lura da wani abu da ke ruɗar mutane: hoton da ya ɓace tsakanin kwamfuta ta farko da ta biyu, waɗannan layuka ba sa ƙirga shi. Sai ka ga duka ukun suna kan sifiri, hoto kuma yana yankewa. Idan ka ga haka, juya ka dubi kebul.

A nan zan daɗe, domin a nan yawancin ciwon yake.

Hoton da kake tura wa Facebook an matse shi sosai, bai wuce megabit 2 zuwa 4 a sakan ba. Amma wanda NDI ke ɗauka tsakanin kwamfutocin nan, matsa kaɗan aka yi masa, don kada kyansa ya ragu kuma kada ya makara. Hoto mai girman 1080 da ke tafiya 60 a sakan yana cin wajen megabit 130. Ko mai girman 720, idan 60 ne a sakan, yana ɗan haura 100. Ku auna da kanku: kayan da ke bin hanyar cikin ɗaki sun ninka na hanyar fita fiye da sau 30. Hanyar da mutane suka raina, ita ce ta fi ɗaukar nauyi.

Saboda haka wifi bai dace da wannan aiki ba. Na san ya fi sauƙi, ba jan kebul, ba tuntuɓe. Amma wifi iska ɗaya kowa yake rabawa, kuma bi da bi na'urori suke magana a cikinta. Kwamfuta ta farko ta tura wa akwati, akwati ya sake tura wa ta biyu, ka ga kaya ɗaya sun bi iska sau biyu. Ga salular jama'a cike da wurin taro, ga bango, ga ƙofar ƙarfe. Da safe kana kai kaɗai za ka gwada ka ga ya yi kyau, da yamma masallaci ya cika sai ya watse. A ja kebul, shi ne magana.

Sai dai kebul ma ba a gama da shi don an soka shi ya shiga. Ramin kebul iri biyu ne a kayan da ke hannunmu: mai gudun megabit 100, da mai gudun 1000, wanda ake kira gigabit. A ido kamarsu ɗaya. Kuma ka'idar ita ce, duk abin da ya fi rauni a hanyar, shi ke yanke gudun kowa. Kwamfutocinka duka biyu suna iya zama masu 1000, amma idan ka haɗa su ta ramukan bayan ƙaramin akwatin wifi na 4G, da yawa daga cikin irin waɗannan akwatuna ramukansu na 100 ne. Ka ga kana son cusa 130 a ƙofar da ba ta wuce 100 ba. Dole wasu hotuna su tsaya a waje.

Ga yadda za ka sani. A Windows, shiga saitin rezo, ka buɗe bayanin Ethernet, za ka ga an rubuta gudun haɗin: ko 1000 ko 100. Duba a kwamfuta ta farko, duba a ta biyu. Idan ka ga 100 a ɗaya daga ciki, tsaya nan, kada ka taɓa komai a OBS sai ka gano dalili.

Dalilin yakan zama kebul ɗin kansa. A cikin kebul ɗin rezo akwai siraran wayoyi 8. Gudun 100 da 4 kawai yake aiki, gudun 1000 kuwa sai duka 8 sun haɗu lafiya. Idan ɗaya tak ta katse, ko ba ta zauna daidai a cikin kan roba ba, sau da yawa na'urorin ba za su yi maka ƙorafi ba. Shiru za su sauka zuwa 100, fitila tana ci, intanet yana buɗewa, kai kana ganin komai lafiya. Ku tuna irin wahalar da kebul ke sha a wurinmu: an shimfiɗa shi a ƙasa jama'a suna takawa, moto ya bi ta kansa, an matse shi a ƙofa, rana ta gasa shi, ɓera ya ɗanɗana shi a ɗakin ajiya. Nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Kuma a kasuwa akwai mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Yana saurin karyewa, kuma a nesa ba ya riƙe gudu. Kankare bakin wayar da wuƙa: in ka ga fari a ciki, shi ne. Ni dai shawarata, kowane mai wannan aiki ya ajiye gajeren kebul guda mai kyau wanda ya tabbatar yana ba da 1000. Ranar da abu ya rikice, sai ya kusanto da kwamfutocin ya gwada da shi. Cikin minti 2 zai san ko dogon kebul ɗinsa ne ya ci amanarsa.

Wasu kwamfutocin hannu na yanzu ba su da ramin kebul sam, sai an sayi ɗan abin da ake sokawa a USB. Shi ma akwai na 100, akwai na 1000. Karanta kwalin kafin ka biya, kuma ka soka shi a ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne.

Idan akwatin wifi ne mai ƙaramar ƙofa, mafita biyu ce. Ko ka sayi ƙaramin akwatin rarraba kebul, wanda masu shago ke kira suwic, mai ramuka 5 na gigabit, ka soka kwamfutocin biyu a jikinsa, sannan ka ja kebul ɗaya daga shi zuwa akwatin wifi. Ta haka hoto mai nauyi yana wucewa tsakaninsu ta cikin suwic, abin da aka matse kaɗai ke zuwa ƙaramar ƙofa. Ko kuma ka haɗa kwamfutocin kai da kai da kebul guda, ba komai a tsakani. Na'urorin yanzu suna gane juna, ka ɗan jira za su ba kansu lambar adireshi mai farawa da 169.254, wannan ba matsala ba ce. Sai kwamfuta ta biyu ta samu intanet ɗinta ta wifi ko ta salula.

Kuma ga wani tarko. Ka ja kebul, ka ji daɗi, amma ka bar wifi a kunne a kwamfuta ta farko. Hanya biyu ke nan a buɗe, kuma ba kai ke zaɓa wa hoton wadda zai bi ba. Kashe wifi na kwamfuta ta farko gaba ɗaya. Idan bayan ka kashe ta biyu ta daina ganin hoton, ka tabbata dama ta iska yake bi. Wani lokaci kuma Windows ce ke ɗaukar haɗin a matsayin na bainar jama'a, sai katangar tsaronta ta tare. Mayar da shi na gida, ka ba OBS izinin wucewa, kada ka rushe katangar duka.

Mu zo kan wuta da zafi, abin da masu rubuta bayanin waɗannan na'urori a Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi a jihar Tawa yana haura digiri 40 a inuwa. Kwamfuta idan ƙwaƙwalwarta ta doshi digiri 90 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamar wannan a bayyane take: shiri ya fara lafiya, bayan minti 20 ko rabin awa sai yankewa ta soma, fanka tana kuka kamar za ta tashi. Duk ƙurar hunturu tana nan maƙare a cikinta. A kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya sabunta man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar. Kada a ɗora ta a kan darduma ko katifa ko cinya, ramukan shan iskarta a ƙasa suke. A ɗaga bayanta, a sa ta a inuwa, in da hali a juyo mata fanka.

Kwamfutar hannu kuma da zarar an cire ta daga caji, takan rage ƙarfinta don batir ya daɗe. A bar ta a jone, a saita ta kan cikakken ƙarfi. A cikin saitin katin rezo akwai wani zaɓi na tsimin wuta, ana rubuta shi Energy Efficient Ethernet ko Green Ethernet. Ga mai aikin ofis yana da amfani, ga mai tura bidiyo yakan kawo ɗan tsaiko, a kashe shi a gwada. Sannan ku kula da wannan: ko kuran na NIGELEC kuke amfani da shi, ko gurup, ko panno, idan wuta ta ɗauke na sakan ɗaya, kwamfutocin hannu ba za su nuna ba, suna da batir. Suwic da akwatin wifi su ne za su mutu su sake tashi, shiri ya tsaya cak na minti ɗaya ko biyu, kowa ya ce rezo ya gudu. Ƙaramar ondilar da za a jona waɗannan biyun a kai ta fi wata sabuwar kamara amfani.

Akwai wata irin yankewa mai ban haushi, wadda ba daskarewa ba ce, ɗingishi ne mai tsari, kamar hoton yana ɗan tuntuɓe a kai a kai. Kebul yana kan 1000, layukan nan 3 suna kan sifiri, kwamfuta ba zafi. Wannan yawanci saɓanin lissafi ne. Kamara tana ba da hoto 25 a sakan, OBS ta farko an saita ta a 30, ta biyu a 60. Kowace sai ta maimaita wani hoto ko ta jefar da wani don lissafinta ya cika. Maganinsa a daidaita su duka a kan lamba ɗaya, tun daga kamara har kwamfuta ta biyu. Kuran ƙasarmu yana bugawa sau 50 a sakan, shi ya sa 25 ya fi zama lafiya da fitilunmu, musamman a tafsirin dare, inda 30 kan sa a ga haske yana rawa a hoto. Idan kamararka 30 kaɗai ta sani, to kowa ya koma 30. Sauti ma haka: a sa kwamfutocin biyu a kan 48 kilohaz. Idan ɗaya tana 44.1, a hankali murya da baki za su iya rabuwa.

Idan layi na biyu na tagar Stats ne ke hawa, wato matsewa ta gagari kwamfutar, duba wace hanya aka zaɓa. Wadda ake kira x264 ƙwaƙwalwar kwamfuta take ɗora wa aikin. Yawancin kwamfutoci masu Intel suna da wani sashe na musamman don wannan aiki, sunansa Quick Sync, masu katin Nvidia kuma suna da NVENC. Zaɓi ɗaya daga cikinsu, nauyi zai sauka. A rufe duk wata manhajar da ba a bukata. Kallon shirinka a Facebook a kan kwamfutar da ke tura shi, wannan ƙarin kaya ne a kanta da kuma a kan rezo. Kalla a salula.

Yanzu mu fita waje, mu ba rezo haƙƙinsa, domin wani lokaci shi ne da gaske. Muna da Airtel, da Moov Africa, da Zamani, da Niger Telecom, kuma ba zan ce muku wannan ya fi wancan ba, domin ƙasar Adar tudu da kwari ce. Layin da ke gudu a kan dutse yana iya shiru a cikin kwari, wanda ya yi kyau a Madawa ba lallai ya yi a Ibohamane ba. Gwaji ne kaɗai alƙali. Amma a gwada daidai: a wurin da za a yi taron, a irin lokacin da za a yi shi. Gwajin ƙarfe 10 na safe ba ya gaya maka abin da zai faru bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya kama salularsa, balle ranar kasuwa. Kuma manhajar gwajin gudu lamba biyu take bayarwa, ta saukewa da ta turawa. Mutane suna ganin babbar su yi murna. Kai mai watsa shiri, ƙaramar ce taka, ta turawa. Idan ta nuna megabit 4, kada ka saita OBS a kan 4. Tsaya wajen rabi, 2 ko ƙasa da haka kaɗan, domin rezon salula hawa da sauka yake yi.

Ga lissafin mega, don kada kuɗi su ƙare ana tsakiyar addu'a. Wanda ya saita kilobit 2500 a sakan, yana cin wajen giga 1.1 a awa ɗaya, ban da sauti. Wanda ya saita 1500, wajen mega 675. A cikin saitin OBS na ci gaba akwai zaɓin da ke barin manhajar ta rage nauyin hoto da kanta idan hanya ta cunkushe. A kunna shi. Hoton zai ɗan dushe na ɗan lokaci, amma ba zai tsaya ba. Lambar sirrin wifi kuma, don Allah a riƙe ta. Na san da nauyi aboki ya roƙa ka hana, amma salula ɗaya da ke tura bidiyo a WhatsApp ta isa ta shaƙe shirin gari guda. A dakatar da sabuntawar Windows kafin a fara. Wasu sun fara sayen Starlink tun da aka ba shi izinin aiki a Nijar, kuma yana taimaka wa hanyar fita ƙwarai. Sai dai ko shi ba zai gyara kebul mai karyayyar waya a cikin ɗaki ba.

Abin da ake ɗauka ma yana da nasa tasiri. Malami yana zaune, bango a bayansa ba ya motsi, hoto kaɗan ne ke sauyawa, ƙaramin rezo ya ishe shi. Kokowa kuwa, wadda a Tawa aka fara gasar takobinta ta ƙasa a 1975, komai a cikinta motsi ne: ƙura, makaɗa, jama'a, kamara tana bin ƴan kokowa. Saitin da ya ɗauki tafsiri lafiya yana iya rushewa a fili. A kafa kamara a kan ƙafafunta, a rage yawo da ita, a rage girman hoton.

A nan nake da magana da matasanmu, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Son lambar 1080 da 60 ya yi mana yawa. Wanda kuke yi domin shi, a ɗakin haya yake a Abijan ko a wurin aiki a Libiya, da salula a hannu, shi ma megarsa a ƙirge take. A fuskar salula, 720 a kan 25 ya wadatar, kuma da ka sauka zuwa nan nauyin kebul ya ragu, na kwamfuta ya ragu, na rezo ya ragu, duk a lokaci guda. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai zauna ga muryar da ke tsinkewa ba. Jikar da za ka kashe a kan kwamfuta ta biyu, in da ka sa ta a makirfo mai kyau da kebul daga na'urar lasifika, da masu kallo sun fi gode maka. Kwamfuta ta biyu tana da amfani idan ta farko tana wani aiki mai nauyi, ko idan kamara tana nesa da inda rezo yake. Idan kamara ɗaya ce da rubutu a ƙasa, kwamfuta ɗaya mai lafiya ta isa, kuma ka huta da rabin abin da muka lissafa yau. Wanda kuma kebul ɗin rezo ya ishe shi da wahala, akwai ƙaramin katin kama hoto da ke karɓar HDMI ya shigar ta USB, in kwamfutocin suna kusa da juna.

Wajen gyara, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Ka sauya kebul, ka gwada. Bai yi ba, ka mayar, ka sauya na gaba. Wanda ya taɓa abu 5 a tare, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, gobe in ta dawo sai ya sake lalube. A sayi ɗan littafi a rubuta saitin da ya yi aiki, da wurin, da layin da aka yi amfani da shi. Idan mutum ɗaya ne cikin masu kallo ke kuka, sauran suna cewa lafiya, to nasa rezon ne, kada ka rikita saitinka saboda shi. Kuma kullum a danna naɗi tare da watsawa. Ko rezo ya yi abin da ya ga dama, cikakken karatun yana nan a kwamfuta, a ɗora shi da dare ko da asuba lokacin da hanya ta yi sauƙi.

Roƙona ga masu shirya taro, da kwamitocin masallatai, da iyayen biki: ku ba yaran nan lokaci. Kada a kira su ana saura rabin awa a ce su haɗa kaya. A bar su su zo tun jajibiri su ja kebul, su gwada, su ga inda rezo ya fi kamawa. Ku kuma da kuka iya, ku koya wa na bayanku, maza da mata, kada sanin ya tsaya a hannun mutum ɗaya wanda gobe zai iya tafiya bida.

Mai tambaya ya aiko mana da ita, ya faɗi abin da ya gani a layukan nan 3 da gudun da kebul ɗinsa ya nuna, za mu amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.